Tsakuwa Takwas a Kofin Farko

Ni na fara ɗora masa hannu a kan kwamfuta. A shekarar da nake ba da labari, wannan magana na riƙa maimaita wa kaina safe da yamma, kuma ita ta kai ni inda ta kai ni.

Taubashina ne, ɗan Gwaggo ƙanwar babana, na ba shi shekara biyu. A wasan taubasai ni ne ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" nake kiransa, shi kuma ya ce mini "maigida" yana wangale baki. Tsakaninmu babu maganar da ta yi nauyi. In zage shi a tsakiyar taron suna, ya rama, manya su yi dariya, a tashi ba wanda ya riƙe wani a rai.

Lokacin ina da shagon intanet a Konni, siba muke ce masa, can bayan tasha. Kwamfuta huɗu gare ni, uku ke tashi, ta huɗun sai ta ga dama. Yawancin aikin buga takardu ne, takardar neman aiki da katin biki da wasiƙun direbobi zuwa buro, wato ofis. Amma na taɓa gina shafin intanet har biyu, ɗaya na wani masaukin baƙi, ɗaya na wata lakwal, makaranta mai zaman kanta, kuma a garinmu a wancan zamani wannan ya isa a nuna mutum da yatsa. In an ce "mai ordinatar", wato mai kwamfuta, ba a tambayar wanne. A shagon nan taubashina ya koyi inda haruffa suke, yana danna su da yatsa ɗaya, harshe a waje. Daga baya ya tafi Yamai karatu, ya yi shekara uku, ya dawo da ƙaramar kwamfuta a jaka da wata irin natsuwa da ban san shi da ita ba. Natsuwar ta fi kwamfutar ba ni haushi.

Sai wata ƙungiyar manoman albasa ta ƙasar Malbaza ta samu proje, wato aikin tallafi. Masu projen suka ce a gina mata shafi, don ƴan kasuwar ƙasashen kudu su ga albasa da ƙauyukan da take fitowa tun kafin su turo mota. Aka sa ranar da baƙi za su zo daga Yamai su duba, sati takwas cif. Ni ko tantama ban yi ba cewa aikin nawa ne, har na kai shadda wurin tela. A bakin mai shayi na ji taubashina aka ɗauka. Gwaji ne. In shafin ya buɗe ranar baƙi, za a ba shi buro a ƙungiyar ya zauna dindindin. In bai buɗe ba, a sallame shi. Gwaggo, wadda shi kaɗai ne ɗa namiji gare ta, ta shiga gida-gida tana cewa ɗanta ya dawo ke nan, an gama zaman nesa. Na je na yi mata barka da bakin da ba nawa ba.

Shugaban ƙungiyar wani Alhaji ne mai son abu ya yi girma. Ya ajiye wa taubashina zaɓi biyu: ƙaramin shafi mai sashe biyar, ko babba wanda ƙauyuka ashirin kowanne zai samu sashensa da hotunan manomansa da rumbunansa. Babban yake so, amma ya tambaya ko zai ƙare cikin sati takwas. Da ni aka tambaya, nan take zan ce in Allah ya so, in fita in yi ta fama. Shi kuwa ya ce a ba shi kwana biyar ya tambayi waɗanda suka sani.

Wata dabara ce ya koyo wurin malaminsu. Ya zana akwatuna a kwamfutarsa, ya haɗa su da kibau. Akwati ɗaya hanyar ƙauyuka ce, ɗaya samun manoma a gida lokacin cirar albasa, ɗaya jinkirin Alhaji kafin ya amince da rubutu, ɗaya kuma kuran da rezo, wato wutar lantarki da layin intanet. Kowane akwati akwai mutumin da ya fi kowa saninsa. A tambaye shi, a zuba amsarsa, na'ura ta haɗa duka ta faɗi kashi nawa cikin goma aikin zai ƙare a kan lokaci.

Sai dai mutanenmu ba a tambayarsu gobe. Ka tambayi dattijo ko abu zai yiwu cikin sati, ya ce sai abin da Allah ya yi, kuma da gaskiyarsa. Ka matsa masa, ya ce zai yiwu, don yana jin nauyin ya karya maka gwiwa. Taubashina ya san haka sarai. Sai ya tsinto tsakuwa goma masu santsi, ya samo kofin shayi uku. Na farko na "da wuri", na biyu na "tsaka-tsaki", na uku na "latti". Ba ya tambayar abin da zai faru, sai abin da ya riga ya wuce: cikin sau goma da ka yi kaza, nawa ya zo da wuri? Mutum ya raba tsakuwa da hannunsa, bakinsa a rufe. Shugabar mata masu busar da gabu, wato ganyen albasa, da aka tambaye ta sau nawa Alhaji ke amsa magana a ranar da aka kai masa, ta kalli rufin ɗaki, ta zuba tara a kofin latti, ta ja mayafi ta toshe baki tana dariya. Ba ta ce Alhaji na da jinkiri ba, kuma ba wanda zai ce ta ce.

Dabara ce mai kyau. Tun ranar farko na gane haka, shi ya sa na tsane ta. Na shiga gari ina cewa bawana ya je Yamai ya koyo duba, ya dawo yana yi wa mutane bugun ƙasa da tsakuwa. In na gan shi wurin mai shayi sai in miƙa masa tafin hannu in ce, "Boka, duba mani ko akuyata za ta yi tagwaye bana." Ya kama hannun ya yi kamar yana karantawa, ya ce akuyar ta fi mai ita hankali, a fashe da dariya. Kowa ya ɗauka wasan taubasai ne. Ni kaɗai na san babu wasa a ciki.

Babana ya yi shekara talatin yana jan motar siminti daga Malbaza kafin idonsa ya rage ya ajiye. Mutum ne mai ƙarancin magana. Mu ƴaƴansa ba mu taɓa jin labarin hanya daga bakinsa ba. In ya dawo a kai masa ruwa, ya tambaya ko an yi salla, shi ke nan. A rana ta huɗu taubashina ya zo zaurenmu bayan azahar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya jera kofunansa a kan tabarma.

"Kawu, ba gobe nika tambaya ba," in ji shi. "Cikin tahiya goma da kay yi Tajaye da rani, nawa kat tahi kad dawo yini guda?"

Baba ya daɗe yana juya tsakuwa a tafinsa. Ya sa huɗu, ya sa huɗu, ya sa biyu. Sai ya ɗauke ɗaya daga kofin farko ya mayar na uku, ya ce bari ya faɗi dalili. Ya faɗi inda rairayi ke riƙe taya, da ranar kasuwar da ba a samun kowa a gari, da wata shekara da ya kwana biyu a bakin kwari yana jiran ruwa ya janye, Buzaye makiyaya suna ba shi nonon raƙumi. Daga nan magana ta ɓalle. Har aka kira la'asar yana ba da labari, yana dariya ana ganin giɓinsa. Ni ina gefe ina dafa musu shayi, ina da shekara talatin da ɗaya a duniya, ina jin labarin ubana karo na farko, kuma ba ni ake ba wa ba. Gaskiya ne ban taɓa tambayarsa ba, amma ranar ba wannan na gani ba. Abin da na gani shi ne ɗan Gwaggo ya ƙwace mini aiki, bai ishe shi ba, ya biyo ni har zaurenmu ya ƙwace mini uba.

Da muka dawo daga masallaci ya juye tsakuwar ya turo mini.

"Saura kai, maigida. Akwatin da yaf fi nauyi naka na."

Ya yi bayani. A sibata zai gina shafin ya ɗora hotuna, don ita ce mai layin da ya fi dama a garin. Shi a Yamai kaɗai ya taɓa yin irin aikin, bai san halin kuran da rezon Konni ba, ni kuwa na sani.

"Cikin aiki goma irin wanga, sashe ashirin da hotuna, cikin bazara, nawa ka ƙarewa cikin sati biyu? Nawa ka kai wata guda? Nawa ka wuce hakanan?"

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Shafin masaukin baƙi sashe shida ne kawai, ya ci mini sati bakwai a irin wannan lokaci. Da bazara, rana na take tsaka kuran ke ɗaukewa, in ma ya tsaya sai rezo ya yanke hoto saura kaɗan ya hau. Gaskiya ita ce ɗaya, uku, shida. Na zuba takwas a kofin farko, biyu a na biyu, na bar na uku wayam.

Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, ina sane na yi. Rabin zuciyata na so Baba ya ji cewa shagona ba wurin wasa ba ne. Ɗaya rabin na so in ga ranar da natsuwar nan za ta fashe a gaban mutane.

Taubashina ya kalli kofin da babu komai.

"Maigida, ka tabbata? Ko guda babu ga latti?"

"Kai bawa, yaushe kaf fara tuhumar ubangijinka? Ni nik koya maka inda 'a' take."

Sai Baba ya gyara zama ya ce, "In yac ce takwas, takwas na. Shekara biyar shina hwama da ƙarahunan nan, ba wanda yaf fi shi saninsu."

Tun da na buɗe shagon ban taɓa jin ya yaba shi ba sai ranar, kuma a kan ƙarya ya yaba.

Nan a zaure taubashina ya buɗe kwamfutarsa ya zuba amsata. Na'ura ta ce kashi takwas cikin goma babban shafi zai ƙare a kan lokaci. Fuskarsa ta washe. Don ya nuna mini yadda abin ke aiki, sai ya canza lambobin da wasa. "Duba, maigida, da shidda kas sa ga latti, da ukku cikin goma za ta ce, da ƙaramin za mu yi dole." Ya mayar da su yadda na ba shi. Saboda haka ba ni da wurin ɓuya ko a gaban kaina, na ga abin da gaskiya za ta haifar da idona, ban gyara tsakuwata ba. Washegari ya je Malbaza ya ce wa Alhaji a yi babban.

Sati biyar na farko komai ya bi tsakuwa. Hanyar da Baba ya ce za ta ci yini biyu ta ci yini biyu. Manoman Dogarawa ba a same su gida ba sai ranar da aka ce za a same su. Alhaji ya riƙe rubutu daidai kwanakin da shugabar mata ta zuba masa, ko ɗaya bai rage ba. Kullum taubashina ya sauka daga motar ƙauye, jikinsa duk warin albasa, sai ya biyo ta shagona ya ce, "Ka gani? Yadda sunka hwaɗi." Ni kuma in ce boka ya ci sa'a.

Ya shigo siba saura sati uku, hotuna sama da ɗari a hannunsa, bazara ta kankama. Yakan zo tun bayan asuba don ya riski kuran. Kafin hantsi ya ɗora hoto uku ko huɗu, sannan fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Mu tayar da ɗan janaretana, ya riƙe kwamfuta ɗaya, sai rezo ya tafi. Ya zauna yana kallon layin nan da ke nuna hoto na hawa, ya kai kusan ƙarshe ya tsaya cak. Gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Kwanakin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina buga katin bikin wani, ina satar kallonsa, ina jin sanyi a raina. Sai ranar nan da azahar na ga Baba a ƙofar shago da sandarsa, wata ƙanwata ta biyo shi da kwanon fura. Shekara biyar bai taɓa taka shagon ba. Ya zauna a benci kusa da taubashina, ya tambaye shi yadda ake ciki, ya ce ya sha fura kada zafi ya kayar da shi. Ni ya ɗaga mini hannu kawai. Ɗan tausayin da ya fara tsirowa a raina, nan take ya bushe.

Saura kwana goma sha biyu, sashe huɗu kaɗai suka kammala. A ranar in ya yanke shawara, yana iya komawa ƙaramin shafi ya gama lafiya lau. Ya juyo kujera ya fuskance ni.

"Maigida, haka yaka yi kullum, ko bana ta?"

"Bana ta," na ce, ko ido ban ƙifta ba. "Yakan yi haka kwana biyu ya gyaru. Kai dai raggon bawa na."

Ya yi murmushi ya juya ga aikinsa, bai rage komai ba.

Ranar baƙi a shagona aka taru, tunda nan ne ake iya buɗe shafin. Na sa sabuwar shaddar nan. Baƙi uku suka zo, har da wata mace mai littafi a hannu. Alhaji ya zo da babbar riga, da dattawan ƙauyuka biyar ko shida da suka hawo mota tun da safe don su ga garuruwansu a cikin na'ura. Fuskar farko ta buɗe da kyau, ga tulin albasa ja, ga sunan ƙungiya. Sashe bakwai na ƙauyuka suka buɗe. Sauran goma sha uku fari fat, sai sunan ƙauye a sama. Wani tsoho daga wajen Dogarawa ya matso ya ce a nuna masa nasu. Aka danna, babu komai. Ya ce ko a sake dannawa, wataƙila ba ta ji ba. Aka sake. Ya koma baya ya jingina da bango. Matar nan ta yi rubutu a littafinta. Alhaji ya ce, "To, madalla," ya gyara hula ya fita.

Kafin su watse taubashina ya miƙe ya ce laifinsa ne, shi ya ba da magana, shi ya kasa cikawa. Bai ambaci kuran ba, bai ambaci rezo ba, bai ko kalli inda nake ba. Wata biyu ina jiran wannan rana, ga ta ta zo, natsuwar kuma ba ta fashe ba. Ina tsaye cikin shaddata ina ƙyashin yadda ya iya shan kunya a tsaye.

Bayan sati aka sallame shi. Gwaggo ta daina yawon gidaje. Wani danginmu mai sayen motoci a Kwatano ya ce ya zo ya riƙa yi masa takardun tashar jirgin ruwa, ya amsa. Na raka shi tasha da safe. Muna jiran mota ta cika, ya ciro faifan kwamfuta daga aljihu ya ba ni.

"Ga akwatunan nan, ka ba yara su yi wasa da shi. Ni na bar su."

"Don mi?"

"Na duba, na sake dubawa. Na Kawu daidai, na shugabar mata daidai, na manoma daidai. Naka ɗai yak kauce, kuma kai kaf fi kowa sanin naka. In wanda yas san abu haka shina iya kaucewa haka, to dabarar ba ta da amfani. Ban ƙara sa mutane cikin wahala da ita."

Na riƙe faifan. Mai lodi ya fara kiran fasinja. Taubashina ya kama hannuna ya ja ni gefen mota, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, aje wasa. Hwaɗa mani tsakaninka da Allah. Da kai anka ba aikin ga, wane za ka ɗauka?"

Tunda muka tashi bai taɓa kirana ɗan'uwa ba. Kalma ɗaya ce ta rage mini, kuma da na faɗe ta da ya karɓi faifansa, ko da ba zai sake kallona ba. Na dubi fuskarsa, na ga yadda ya yarda da ni, na ji ba zan iya rasa wannan ba.

"Babban," na ce.

Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. To ba wautata ɗai ba ta." Ya ce in riƙa leƙa masa Gwaggo, ya shiga mota.

Na riƙa leƙa ta, kowace Juma'a ba fashi. Shi kuwa bai sake gina shafi ko ɗaya ba. Shekara huɗu bayan haka Gwaggo ta rasu da hantsi, aka yi jana'iza bayan azahar, ni na shiga kabari na karɓe ta. Daga Kwatano kwana biyu ne a mota. Da ya iso ya same ni a wurin zaman makoki, ya rungume ni yana kuka, yana cewa ya gode, ya gode, na tsaya masa inda ya kasa tsayawa. Na ce masa ba komai.